Ranar da Iya A'i Ta Ƙi Wanka

A unguwar bayan tashar jirgi a Gagarawa, idan mai jego ta ce ruwan wanka ya yi mata zafi, ko ta kawar da kai daga ƙwaryar kunun kanwa, ba a yi mata dogon faɗa. Suna ɗaya ake kira mata. A ce, "Kin manta Iya A'i? Yini ɗaya tak ta bar wanka." Shi ke nan, yarinya ta miƙa baya. Ƙarya ake yi wa baiwar Allah tana kwance a kabarinta, kuma abin da ya fi ƙona rai shi ne masu yin ƙaryar da zuciya ɗaya suke yi, sun yarda da abin da suke faɗa.

A'i 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Sule Tankarkar. Aure ya kawo ta Gagarawa, gidan Barau, leburan tasha mai loda buhunan gyaɗa a tarago. Uwar Barau ungozoma ce, ita kuwa A'i ba ta da ƙyama, ba ta tsoron jini, don haka tun goyonta na fari take riƙe wa tsohuwa aska da zare. Da tsohuwa ta rasu aikin ya dawo hannunta, ya zauna shekara talatin. Rabin 'yan unguwar ita ta yanke musu cibiya, ita ta binne mabiyiyarsu a bayan ɗaki. Barau ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu da suka rayu, Ya'u ɗan fari wanda ya gaji uban a tasha, da Talatu auta.

Karɓar haihuwa kowace ungozoma tana yi. Inda A'i ta yi suna shi ne jego, don ita ba ta san wankan wasa ba. Rabin duro ake ɗorawa a murhu, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ta tsoma damin ganyen darbejiya ta fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinya, safe da la'asar, kwana arba'in ba fashi. Daga nan sai gadon ƙasa, a zuba garwashi a ƙarƙashinsa, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ciki a ɗaure shi tamau da zane. Kunun kanwa ƙwarya guda da safe, ƙwarya guda da yamma. Kanwar ma ba ta sayen ta 'yan koli. Duk bayan wata biyu takan bi motar kasuwa zuwa Maigatari ran Alhamis, ta kutsa cikin Buzaye masu raƙuma, ta lasa wannan ta tofar, ta lasa waccan ta zagi mai ita, har ta sami ungurnun da ta yi mata. Karatunta guda ne, ta kuma koyar da shi ga duk macen da ta ratsa hannunta: cikin da ya buɗe ɗanye ne, sanyi ke shigarsa, in ba a gasa shi ba sanyin nan shi zai kashe mai shi.

Ba ta da haƙuri da mai kuka. A shekarar da aka canja hannu a titi, Larai matar maɗinkin unguwa ta haifi ɗanta na uku. Wajen kwana ashirin ƙafafunta suka kumbura, ta daina iya kwanciya, sai ta wuni zaune ta jingina da bango tana haki. Ta kama hannun A'i ta ce, "Iya, numfashina ba ya kai wa ƙasa."

A'i ta fizge hannunta. "Sanyi ne ke fita. Daure. Haihuwa uku har yanzu raki bai bar ki ba?"

Ta fita ta ƙaro garwashi. Larai ba ta ga arba'in ba. Aka ce kwana ya ƙare, A'i da kanta ta yi mata wankan gawa, ko ɗar ba ta ji ba. Iyakar abin da ta ce shi ne sanyin ya riga ya yi nisa kafin a kira ta.

A'i mace ce mai jiki tun asali, amma bayan haihuwar Talatu jikin ya ƙi tsayawa. Teɓa ta sauko har ta rufe mata cinya, cibiya ta ɓullo a tsakiya kamar an kifa ƙoƙo. A shekarar fari, lokacin da mutane ke haƙa gidan tururuwa neman tsaba, jikinta bai ragu ba, har masu gulma suna raɗa wai rumbu gare ta a ƙarƙashin gado. Ba ta da shi. Dusa ta ci kamar kowa. Ga cibiyar tana yi mata murɗa, wani lokaci har da amai, ta ɓoye. Ranar da abin ya ishe ta, ta durƙusa karɓar haihuwa ne, ɗa ya faɗo lafiya, ita ta kasa tashi. Sai da mata uku suka ciccibe ta, mai naƙudar ma da zufa a fuska tana dariya. A'i ba ta yafe dariyar nan ba. Washegari ta aika Talatu ta gaya wa "wancan" ya nemi izini a wurin aiki, za shi kai ta Kano.

"Wancan" shi ne Ya'u. Ɗan fari ne, shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ta yi masa magana ba. Haka suka shiga jirgi a farkon shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, tana wannan benci yana wancan, har Kano ba wanda ya ce uffan.

Likitan babban asibiti, wani Ba'indiye mai sanƙo, ya duba ta ya ce ba zai ɗinke cibiya ya bar teɓa ba, nauyinta zai yaga ɗinkin. Dole a yanke ta. A'i ta ce a yanka, da ma ba gadonta ta yi ba. Da ta farfaɗo ta laluba ta ji ɗinki daga ƙugu zuwa ƙugu, nas ta gaya mata an ɗora abin da aka cire a sikeli, ya kai nauyin ɗan akuya yayayye. Ranar da aka fara tsayar da ita ta sunkuyar da kai ta hango yatsun ƙafarta, rabonta da ganinsu a tsaye shekara ashirin. Ta yi dariya ita kaɗai, ɗinkin ya ja, ta zagi ɗinkin.

Ranar sallama nas ta zauna bakin gado ta yi mata bayani dalla-dalla, da Hausa tsantsa, kada wani ya ce ba a gaya mata ba. Ta riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma, kada ta wuni kwance. Ba kanwa, gishiri kaɗan. Kada a ɗaure cikin da ƙarfi. In ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya fara gajarta, a dawo da ita a ranar, ba washegari ba. Ta ba ta takarda da za ta nuna a ƙofa. A'i ta dube ta sama da ƙasa, yarinyar da ko ɓari ba ta taɓa yi ba wai ita ke koya mata yadda ake jinyar ciki. Ta ce "To," ta cusa takardar a bakin zane. Ba ta gaya wa Ya'u ko kalma ɗaya ba.

Suka sauka Gagarawa tsakiyar bazara, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Abin da ta tarar a gida ya sa ta ƙwalla. Kande, aminiyarta kuma 'yar hannunta shekara ashirin, ta bi gida gida ta gaya wa mata an buɗe cikin Iya. Duk wadda A'i ta taɓa yi wa jego ta kawo itace, aka tara shi ya kusa kai tsayin katanga. An yaɓe gadon ƙasa sabo. Rabin duro yana kan murhu. Talatu, da cikinta wata bakwai, ta dawo gida don jinya, tana tankaɗen gero.

Kande ta ce, "Yaya, yau rana tamu ce. Duk abin da kika yi mana sai mun rama."

A'i ta ji kanta ya yi girma. Ashana ta ƙi kama ƙirare, ta zaro takardar asibiti daga bakin zane ta miƙa wa Kande. "Ungo, hura da maganar likita." Mata suka kwashe da dariya, takarda ta ci, wuta ta kama.

Makon farko ta yi shi da alfahari. Ana fyaɗa mata ruwa tana gyara wa Kande hannu, tana cewa ganyen bai jiƙa ba, ruwan ya huce. Ta shanye kunu ta kife ƙwarya. Tsakar gida kuwa ba ta taka ta ba sai zuwa wanka da bayan gida, don ɗanyen jiki ba ya shan iska, ita ta faɗa. Ran kwana tara ƙafar hagu ta kumbura, sha-raɓa ya yi tauri yana zogi. Ta ja zane ta rufe. Ran goma sha ɗaya ta tashi daga wanka, taku shida zuwa ƙofar ɗaki, sai da ta dafa bango sau biyu. Ta ja iska ta ji ta tsaya a maƙogwaro, ƙirji bai samu ba. Ta yi shiru kwana biyu, don kunya. Wa za ta gaya wa? Matan da ta kira ragwaye?

Ran goma sha uku da la'asar, bayan wanka, Kande ta ɗaure mata ciki ta danna gwiwa ta ja zanen, kamar yadda aka koya mata. A'i ta kasa kwanciya. Ta zauna ta jingina da bango, zufa na zuba, hayaƙi na yawo a ɗakin da aka toshe wa taga. Ta kama hannun Kande, magana ta fito da kanta.

"Kande, numfashina ba ya kai wa ƙasa."

Tana rufe baki ta san inda ta taɓa jin maganar. Bangon, zaman, hannun da aka kama, duk ta san su.

Kande ta yi murmushi ta shafa mata kafaɗa. "Sanyi ne ke fita, Yaya. Daure." Ta fita ƙaro garwashi.

A'i ta zauna tana haki, fuskoki suka riƙa zuwa mata. Larai. Matar mahauci mai wushirya. 'Yar Hamma da aka kawo daga Sule Tankarkar takanas don a ce Iya A'i ce ta yi mata jego. Ta lissafa har bakwai, duk da kumburin ƙafa, duk a zaune, duk ita ta ƙara musu wuta. Ko abin da ya ci su shi ke cin ta, ko wani ne, ba ta sani ba, ba likita ba ce. Abin da ta sani shi ne sun gaya mata gaskiya ta kira su ragwaye. Tsoro ya zo mata, amma fushi ya fi shi yawa. Ta ji haushin uwar Barau da ta koya mata, ta ji haushin Kande da ta koya da kyau haka, ta ji haushin nas da ba ta kama ta ta girgiza ba. Da ta gama zagaye, haushin ya dawo kanta ya zauna, don ta san hannun da ya miƙa takardar.

Da hantsi washegari ruwa ya tafasa, Kande ta leƙo. A'i ta riga ta kwance ɗaurin ciki, ta kife kunun safe a kan garwashi, ta ja jiki ta fito ta zauna a inuwar darbejiya. Iskar da ta samu kaɗan ce, amma ta fi ta ɗaki.

"Yaya, me ya fito da ke? Tashi, ruwa zai huce."

"Ba na yi."

"Ba kya me?"

"Wankan. Kunun. Wutar." Kowace kalma sai ta tsaya ta nemo iska. "A kashe. A mai da ni Kano. Yau."

Kande ta ajiye ganye ta riƙe ƙugu. Mata biyu da suka zo gaisuwa suka tsaya a bakin zaure. Kande ta ce, "Ke, Yaya? Ke ce yau da raki? Kwana goma sha huɗu kacal. Ni kin manta da na haifi na biyu na suma a wajen wanka, kika yayyafa mini ruwa na farfaɗo kika ci gaba? Ga ni nan a tsaye."

"Ke kin tsira. Larai fa?"

"Larai sanyi ya riga ya yi nisa. Ke kika faɗa."

"Ƙarya na yi."

Ɗaya daga cikin masu gaisuwar ta ce a hankali, "Ciwo ya taɓa kai." A'i ta ji, ta so ta tashi ta wanka mata mari, ƙirji ya hana. Wannan shi ne abin takaicin. Shekara talatin muryarta na kai wa tasha in ta ɗaga, ba wadda ke musa mata. Yau da take da gaskiya a baki, ba iskar faɗarta. Duk abin da ta ce, da maganarta ta jiya ake ba ta amsa, kuma maganarta ta jiya ta fi ta lafiya da ƙarfi.

Ta yafito Talatu. Yarinyar ta durƙusa da ƙyar saboda ciki, tana kuka. A'i ta riƙe wuyan hannunta da ƙarfin da ya rage.

"In kin haihu. Kar ki sha. Kar ki hau gadon. In numfashi ya yi miki kaɗan, asibiti. Kin ji ni?"

"Na ji, Iya."

"Ko wa ya ce. Ko sun ce ni na ce."

Ana cikin haka Ya'u ya yi sallama daga zaure, ya dawo cin abincin rana. Ba ya shigowa inda take, daga nan yake tambayar jiki a amsa masa. A'i ta tattara iskar da ke ƙirjinta kaf.

"Ya'u."

Ludayi ya faɗi daga hannun Kande. Ya'u ya shigo ba takalmi, ya tsaya a gabanta, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ta dube shi ido cikin ido. "Ya'u, kai ni Kano. Sun ce a ranar. Na ɓoye maka."

Kande ta tare shi. "Ka ji ko? Har sunanka take kira. Ba ta cikin hayyacinta, ɗana. Ɗanyen jiki ba a fita da shi iskar hanya. Ka bar mu da aikinmu, wannan ba maganar maza ba ce."

Ya'u ya dubi Kande, ya dubi uwarsa. A yi masa adalci, uwarsa ya bi. Amma jirgin Nguru mai zuwa Kano ya wuce tun safe, ba wani sai gobe da hantsi. Ya bazama neman mota, ba ranar kasuwa ba ce, babbar mota ɗaya da ya samu an kwance mata taya. Ya dawo da la'asar ya ce gobe. A'i ta rufe ido. Ranar ba ta yi wanka ba, ba ta sha kunu ba, ba ta koma ɗaki ba. Kande ta zauna nesa tana share hawaye, tana cewa ita dai ta fita haƙƙi.

Da safe aka shimfiɗa tabarma a amalanke, Ya'u da kansa ya tura ta zuwa tasha, Talatu na biye da buta. Suka zaunar da ita a gindin sito, inda Barau ya yi shekaru yana saɓa buhu. Leɓenta ya yi duhu. Tana kallon layin dogo ta gabas, tana jan iska guntu-guntu, hannunta cikin na Ya'u, ba ta sake shi ba. Jirgin ya yi latti kamar yadda ya saba. Lokacin da aka hango hayaƙinsa, Talatu ta riga ta ja mata mayafi ta rufe fuska.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama unguwa. Kwana goma sha uku tana wanka tana raye, yini ɗaya ta bari, ta fita iska, ta tafi. Ba wadda ta ambaci ƙafar da ta kumbura tun ran tara. Ba wadda ta ambaci takardar da aka hura wuta da ita, ko da yake su goma suka yi dariya a wurin. Abin da ta ce game da Larai kuwa aka ce zafin ciwo ne, Allah ya yafe mata. Ya'u ya yi ƙoƙarin magana sau ɗaya a zaman makoki, wani dattijo ya ce masa ya yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kande ta gaji aska da rabin duro. Daga ranar ta ƙara wa wankanta zafi, don ta ga abin da sakaci ke yi da idonta.

Wata biyu bayan haka, farkon damina, Talatu ta haifi 'ya mace. Itacen da aka tara wa uwarta bai ƙare ba, da shi aka ɗora ruwa. Kande ta shigo da ƙwarya tana tururi, mata huɗu a bayanta, duk ƙawayen marigayiya, duk masu ƙaunarta.

Talatu ta kawar da kai. "Inna Kande, Iya ta ce kar in sha."

"Ta faɗa, 'yar nan, ina wurin. Kin kuma ga abin da ya biyo baya." Kande ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa. "Na rasa uwarki, ba zan rasa ki ba. Yini ɗaya tak ta bari."

Talatu ta dubi fuskokin da ke kanta, ba ta ga mugu ko ɗaya ba. Ta dubi ƙofa, Ya'u yana can zaure inda maza ke tsayawa. Ta sa hannu biyu ta karɓi ƙwaryar, yadda uwarta ta koya mata karɓar abu daga hannun manya, ta kafa kai.